Bakin Taubashiya

Tun muna wasan ƙasa nake kiran Gagare mahaukaci. Uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka taubashina ne, kuma duk Batsari an san tsakaninmu. In na hango shi a kasuwa sai in ɗaga murya in ce jama'a a riƙe shi, daga turu ya tsinke. Shi kuma ya ce wa masu tsire su rufe kayansu, ga Baiwa kura ta iso. A yi dariya a watse. Ba abin da ban taɓa ce masa ba a duniyar nan, ba kuma wanda ya taɓa riƙe maganar, don kowa ya san bakin taubashi ba abin kamawa ba ne. Sunansa na yanka Umar Faruk, amma ni ban taɓa kiransa da shi ba.

Da mutanen daji suka matsa wa ƙauyukanmu, 'yan kasuwa suka haɗu suka sayi wata tsohuwar a-kori-kura suka ba ƙungiyar agaji ta garinmu. In an kai hari, da gari ya waye mu ne masu zuwa kwaso mutane, yau Darini, gobe Karare, wani lokaci har mu tsallaka Runka ta ƙasar Safana in an nemi taimakonmu. Malam Abdulmumin ne shugaba, dattijo mai kirki, ba zan ci amanarsa ba. Gagare ne direba. Ni kuwa sun ɗauke ni saboda mata, don ba namijin da zai buɗe jikin matar wani ya ɗaure mata rauni, ni kuma na yi ungozomanci, jini ba ya kaɗa mini hanji.

Tsarin lodinmu ɗaya ne. A bayan motar akwai katifa daga can kusa da kan mota, nan muke ce wa gaba, wajen masu rai ke nan. Daga bakin ƙofa kuma leda muke shimfiɗawa, nan ne baya, wajen waɗanda suka riga mu. Gagare ke rabawa, don Allah ya ba shi hannu. Zai durƙusa ya dafa wuyan mutum da yatsu biyu, ya ɗan yi shiru, sai ka ji ya ce, "Da rai, a sa gaba." Ko kuma ya ja mayafi ya rufe fuska ya ce, "Ya cika, a sa baya." Shekara da shekaru maganarsa ke nan. Mutanen da ya ce a sa baya, da yawansu ya san su, ya ci tuwon gidajensu.

In mun dawo gari, kowa ya tare mu da sannu. "Gagare, ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya." To me zai ce? Ko ƙafarka ce ta guntule aka tambaye ka gajiya, amsar ke nan da aka koya maka tun kana goye.

Nama ya fara bari. Mutumin da in ana gashi sai an kore shi daga bakin wuta, sai ga shi yana tsame tsoka daga miya yana ajiyewa gefe. Na yi masa tsiya a kai, na ce rowa ce ta kama shi har da cikinsa. Daga nan sai shinshina hannu. Ya wanke da sabulu, ya kai hanci, ya sake wankewa. Sannan wata rana bayan azahar na biyo ta gindin darbejiyar ƙofar ofishinmu, inda maza kan miƙe su ɗan runtsa, na iske shi durƙushe yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana dafa musu wuya. Mamman, abokin aikinmu mai babur, ya farka a firgice ya ture shi. Gagare ya ce, "Da rai." Wurin ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni ma na buɗe baki zan yi, sai na dubi idonsa, na ga ba wasa a ciki ko kaɗan. Na fasa.

Ba a jima ba matarsa Sa'adiyya ta zo gidana da hantsi, ta zauna bakin tabarma tana murɗa gefen hijabi.

"Yaya Baiwa, don Allah kada ki ce daga bakina kika ji."

"Ke dai faɗi."

"Jiya da rana Fiddausi tana barci a tsakar gida. Na fito daga madafa na iske shi ya ja zanena ya rufe ta har fuska, ya daidaita mata ƙafafu. Yana tsaye a kanta yana salati. Da na yaye zanen yarinyar ta motsa, sai ya zauna daɓas yana kallonta kamar bai san ta ba."

Fiddausi 'yarsu ce, ko makaranta ba ta shiga ba. Na ce wa Sa'adiyya ta gaya wa Gwaggo, uwarsa, ko wani babba. Ta ce, wa? Ita? Ta fita ta ce mijinta ya taɓu? Da wane baki za ta koma ɗakinsa? Ban ga laifinta ba.

Ni na ɗauki mayafi na tafi wajen Malam Abdulmumin. Na same shi da mutane a kan benci, na durƙusa na gaishe shi, na ce magana gare ni. Ya ce in faɗa, duk na gida ne.

Na ce, "Malam, Gagare ba shi da lafiya. Kansa na neman juyewa. A sauke shi daga motar nan ya huta, a kai shi a duba shi."

Wallahi ban rufe baki ba aka fara dariya. Wani ya ce, "Yau kuma da wannan kika zo?" Malam Abdulmumin yana share hawayen dariya da bakin rawani ya ce, "Baiwa, ba ki gajiya? Tun kuna yara kike cewa Gagare mahaukaci ne, har yau ba mu ga ya yi jifa ba."

"Malam, na rantse da Allah ba wasa nake ba."

"Ai bara ma sai da kika rantse ya saci akuyarki."

Haka ne, na rantse, a gidan suna, kowa na ji, akuyar kuma tana ɗaure a gidana. Na tsaya ina ta bayani, nama, hannu, masu barci. Duk abin da na kawo sai ya zama wani sabon abin dariya. Maganar Fiddausi kaɗai na haɗiye saboda alkawarin da na yi. Ana cikin haka sai ga Gagare da jarkar mai. Malam ya ce, "Yauwa, ga majinyacin. Gagare, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Malam."

"Taubashiyarka ta ce a kai ka asibitin ƙwaƙwalwa."

Ya ajiye jarkar ya yi murmushi. "A fara da ita, Malam, ni zan tuƙa."

Na tashi na tafi ina jin su suna tafawa. Takaici kamar in faɗi in yi birgima. Na biya ta gidan Gwaggo, uwar da ta haife shi, ko ita za ta ji ni. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ja'ira. Ku dai ba za ku girma ba, ke da shi." Ta cika mini leda da gyaɗa ta ce in gaida yara.

Sai Allah ya kawo wata baƙuwa daga Katsina, Malama Rumaisa, ma'aikaciyar lafiya. Ta ce aikinta duba masu duba mutane, wato irinmu. Aka tara mu a ofis. Ta yi magana mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ta ce wanda ke kwasar gawa kullum, akwai abin da ke taruwa a zuciyarsa ko da jikinsa garau yake, kuma ba rashin imani ba ne, ba ragwanci ba ne. Ta ce duk mai jin barci ya ƙaurace masa, ko yana ganin abin da ya wuce yana dawo masa, ya yi magana, akwai likita a Katsina, za ta tafi da shi a motarta a yau ɗin nan. Maza suka sunkuyar da kai kamar ana karanta musu laifi. Wani ya ce alhamdulillahi. Wani ya ce aikin Allah ne, lada muke nema.

Da ta fito na bi ta har bakin mota na kama hannunta. Na zayyane mata komai, wannan karon har da maganar Fiddausi, Allah ya yafe mini. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Wane ne a cikinsu? Nuna mini shi." A raina na ce Allah na gode maka, yau an samu mai kunne.

Sai Malam Abdulmumin ya matso, don ya ga inda na nuna. Cikin ladabi ya ce, "Hajiya, kada ta ɗauke ki a baibai. Taubashinta ne."

"Af!" in ji ta. Ta dube ni, bakinta ya ɗan motsa da murmushi. 'Yar Hausa ce, ita ma tana da nata taubasan. Duk da haka ba ta yi watsi da maganar ba, ta sa aka kira shi, ta ja shi gefe. Ina tsaye ina jin su.

"Malam Umar, sannu da aiki. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Hajiya."

"Kana samun barci?"

"Alhamdulillahi."

"Ba abin da ke damun ka? Ko kaɗan?"

"Ba komai sai alheri. Waccan ce kawai damuwata, in kina da wurin ajiye ta."

Ta yi dariya. Ta dawo ta dafa kafaɗata ta ce ba ta da ikon ɗaukar mutumin da bai ce yana ciwo ba, amma za ta dawo in hanya ta yi kyau, in ci gaba da sa ido. Hanya ba ta yi kyau ba, ban sake ganin ta ba.

Washegari aka aike mu kai wata mai naƙuda, muka dawo mu biyu a mota. Muna kan hanyar Karare, gero ya nuna hagu da dama, na ce masa ya tsaya. Ya ce kura ta hango nama ke nan. Na ce, "Umar Faruk, tsaya."

Ya taka birki har sai da na dafe gaban mota. Ya juyo yana kallona, don bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Na ce masa yau ba taubashiyarsa ke magana ba, 'yar'uwarsa ce, ya dubi girman Allah ya gaya mini abin da ke cin sa.

Sannan ya fara magana a hankali, idonsa a kan hanya.

"Baiwa, na daina gane mai barci da gawa. Duk wanda na gani kwance sai na taɓa shi hankalina ke kwanciya. A sallah in liman ya daɗe a sujada, ji nake kamar in bi sahu ina dubawa. Warin nan kuma yana hannuna, har a tuwo ina jin sa. Wani lokaci ina tuƙi sai in ga mutane jere a bakin hanya suna jira in raba su. In na matso sai in ga buhuna ne. Na gaji. Wallahi na gaji, gajiyar da ko na kwanta ba ta sauka."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "To me ya hana ka faɗa wa matar nan jiya? Mota a tsaye, ƙofa a buɗe!"

"A gaban Malam? A gaban su Mamman? Gobe a ce Gagare ya tsorata, mata na zawarci saboda an kashe mazansu, shi da ransa da lafiyarsa yana kukan gajiya? Wa zai ba 'yar mahaukaci miji in Fiddausi ta girma? Kuma in na sauka wa zai hau? Kin san ba mai son motar nan."

"Ni zan faɗa musu ka faɗa da bakinka."

Sai ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta ba. Ya ce, "Ai shi ya sa na gaya miki. Ke kaɗai ce a duniya zan faɗa wa in kwana lafiya, don ko kan hasumiyar masallaci kika hau kika yi shela, ba mai yarda."

Ya tada mota. Na so in rufe shi da duka, na so in rungume shi in yi kuka, ban yi ko ɗaya ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Na koma wa Malam Abdulmumin har sau nawa, har ya fara cewa wasan ya isa haka, akwai aiki a gabanmu.

Ana tsakiyar girbi aka kai hari wani ƙauye a bayan Runka. Da sassafe muka kama hanya. Abin da muka tarar ba zan faɗe shi duka ba. Gagare ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, ya cika, ya cika, ya cika. Mutanen garin suka ce a bar musu nasu su binne, saboda haka Malam da Mamman suka tsaya taya su haƙa. Masu rai kaɗan ne, kuma raunukansu da sauƙi, in ban da wata matashiya, Zuwairatu, da harsashi ya shige ta a cinya. Na ɗaure iya ƙarfina amma jinin na ratsowa. Aka sa ta gaba, na haye na ɗora kanta a cinyata, sirikinta, wani tsoho, ya zauna gefe. Na buga kan mota na ce, "Gagare, taka! Wannan in mun yi sauri za ta tashi."

Ya taka kuwa. Zuwairatu tana magana da ni, tana tambaya ko an ga ɗanta, na ce yana hannun maƙwabta, gaskiya ne kuma. Na ce mata ta riƙe ni, asibiti ba nisa.

Mun yi kamar rabin tafiya sai mota ta tsaya cak. Na zaci mutanen daji ne. Na leƙa, ba kowa. Wata gona ce a bakin hanya, an yanke gero an ɗaure, an jera dammuna a kwance cikin rana, masu gonar sun gudu sun bar su. Gagare ya buɗe ƙofa ya fito, ya nufi gonar da saurinsa irin na aiki.

"Gagare! Ina za ka?"

"Akwai saura."

Ya durƙusa kan damin farko ya dafa shi wajen maɗauri, ya yi shiru. "Ya cika." Ya matsa na biyu. Ya cire hularsa ya rufe wa na uku, ya tuɓe riga ya rufe wa na huɗu.

Na kwarara ihu. Na kira shi Gagare, na kira shi Umar Faruk, na haɗa shi da Allah da Annabi, na ce gero ne, gero ne, mai rai tana nan a mota! Ya ɗago ya ce mini, "Yi haƙuri, Baiwa, ba ma barin kowa." Na sa tsohon ya danne raunin, na dira na ruga na kama hannunsa ina ja. Ya ture ni ba da faɗa ba, kamar yadda yake ture dangin mamaci in sun hana shi aiki. Ya sungumi dami ya kai bayan mota ya kwantar a kan leda, ya daidaita shi, ya koma ɗauko wani.

Ga makulli a jikin mota, ni ban iya tuƙi ba, tsoho bai iya ba. Na daddanna waya, ba sabis. Hanyar nan kuwa ranar da aka kai hari ko tsuntsu ba ya bin ta. Na koma na ɗauki kan Zuwairatu. Ta ce mini, "Inna, mun iso?" Na ce saura kaɗan. Ta sake tambaya, na sake faɗa. Daga baya ba ta ƙara tambaya ba.

Rana ta take tsaka lokacin da su Mamman suka iske mu a babur. Bayan mota cike da gero, Gagare zaune a ƙasa ba riga, yana shinshina hannunsa. Ni na rufe wa Zuwairatu fuska da kaina, ban kuma yarda an matsar da ita baya ba.

A gari aka ce iska ce ya gamu da ita a hanyar Runka, wai wurin dama ba shi da kyau. Aka kai shi gidan Gwaggo, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Sa'adiyya ta kwashi Fiddausi ta koma gidansu, wai sai ya samu sauƙi. An yi maganar kai shi Katsina, ana ta yi har yanzu.

Bayan sadakar uku ta mutanen ƙauyen, Malam Abdulmumin ya zo har ƙofar gidana. Ya rame, idonsa ya yi ja. Ya ce an samu wani direba, in shirya, don aiki ba ya jira. Ya juya zai tafi sai ya tsaya.

"Amma Baiwa, ke da kike tare da shi kullum, ba ki ga wata alama ba? Da kin zo kin gaya mana da gaske."

Na dube shi. Dattijo ne, sa'an babana, kuma har zuciyarsa yake tambaya. Na ce, "Allah ya huta gajiya, Malam." Na shige gida.

Ranar Juma'a na je gidan Gwaggo. Tana ganina ta kau da kai tana share ido, ba ta ce mini ja'ira ba. Yana zaune a inuwar rumbu, an yi masa aski, an sa masa riga mai tsabta. Tun daga zaure na shirya abin da zan ce masa, don na ƙudurta ko da tsiya sai na jawo shi ya tanka mini. Sunan nan na mahaukaci da na saba kiransa da shi ya zo bakina, na kasa furta shi. Na zauna a gabansa na ce, "Kai rago, tashi, ga kura ta zo, ɓoye namanka."

Ya dube ni kamar yadda ake duban baƙo a tasha. Na jira ya rama, ko da kalma ɗaya ce. Sai ya miƙo hannu a hankali, ya ɗora yatsu biyu a wuyana, ya yi shiru yana saurare. Ban motsa ba.

Ya juya ya ce wa Gwaggo, "Wannan da rai. A sa ta gaba."